Kakar Da Teku Bai Ci Ba

Hilda Marwood ta shafe shekara arba'in tana aikin ungozoma a Skelby, ɗan garin masunta da ke gaɓar teku a arewacin Yorkshire. Rabin mutanen da ke yawo a titin garin ita ta fara ganinsu tsirara, shi ya sa ba wanda take jin nauyinsa, daga limamin coci har ɗan sandan unguwa. Da ta ajiye aiki sai zaman gida ya gagare ta. Ta wanke labule ta sake wankewa, ta juya kujerun falo gabas ta mayar da su yamma, har mijinta Cedric ya kwashi ƙafafunsa ya tare a lambu wurin albasarsa, irin ɓula-ɓulan nan da yake kaiwa gasa duk kaka.

Ana cikin haka sai tunanin Keziah ya faɗo mata.

Keziah kakar kakarta ce, kuma kowa a danginsu ya san labarinta tun yana yaro. Wata safiya ta fita tsintar dodon-koɗi a cikin duwatsun gaɓa, irin wanda masunta ke maƙala wa ƙugiya, ruwa ya taso ya yi gaba da ita. Ko ɗankwalinta ba a gani ba. Ta bar mijinta Josiah Storr da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Macen, Ada, ita ce ta haifi kakar Hilda. Duk yarinyar da ta tashi a gidan, in ta nufi bakin ruwa sai an ce da ita, "Ki tuna da Keziah."

"Baiwar Allah ko kabari ba ta da shi," in ji Hilda wata rana suna karin kumallo. "Zan sa a sassaƙa mata ɗan dutse a kafa a makabartar coci."

Cedric ya ce, "Madalla. In dai zai hana ki taɓa kujerata, a sassaƙa mata biyu."

Limamin cocin bai ƙi ba, sai dai ya ce ta kawo shekarar haihuwa da ta rasuwa, don ba a rubuta ƙila-wa-ƙala a kan dutse. Hilda ta ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ta tafi laburaren garin, aka nuna mata yadda ake buɗe tsofaffin takardun ƙidaya a kwamfuta, ta gyara zaman tabarau ta hau aiki.

A ƙidayar 1881 ta same su a jere: Josiah Storr, masunci; Keziah, matarsa, shekara talatin da huɗu, haifaffiyar ƙauyen Askeld; sai yaran biyu. Hilda ta daɗe tana kallon sunan, har idonta ya ɗan kawo ruwa. A ƙidayar da ta biyo, bayan shekara goma, babu Keziah. Wannan bai ba ta mamaki ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne an rubuta Josiah a matsayin mai aure, ba wanda matarsa ta mutu ba. A ƙarƙashinsa kuma ga wata Martha, wai mai kula da gida, da ƙananan yara uku duk da sunan Storr.

Da ta kai wa Cedric labari a lambu, sai ya jingina da magirbinsa ya ce, "Mai kula da gida? Lallai ta kula. Kula har da 'ya'ya uku ai ba ƙaramar kula ba ce."

"Rufe mana baki, tsoho. Ba a ga gawa ba, shi ya sa ba a rubuta ta mutu ba. Mutum kuma ai ba zai zauna da marayu ba mace a gida."

"Ni na ce wani abu? Yabonta nake yi."

Kundin jana'izar cocinsu bai ce komai a kan Keziah ba. Hilda ta ce to, ko shekarar haihuwa a samu tukuna. Tsofaffin kundayen cocin Askeld an daɗe da kwashe su an kai gidan adana takardun tarihi na gunduma, don haka ranar Talata ta tasa Cedric gaba ya tuƙa ta. Ya zauna a kujerar bakin ƙofa da jaridarsa, ita kuwa ta cike 'yar takardar neman kundin baftisma na Askeld.

Matar da ke kan tebur ta duba ta ce, "Ayya, wani ya riga ki. Ga shi can yana dubawa. Sai ya gama."

Hilda ta waiwaya. Wani ƙaton dattijo ne mai sanƙo, sanye da rigar sanyi kore, ya duƙufa a kan kundin kamar mai neman allura a cikin tuwo. Ta zauna tana jira. Ta jira har ƙafarta ta yi sanyi. Mutumin ya buɗe gaba, ya dawo baya, ya yi tsaki, ya sake buɗe gaba. Askeld ɗin da ko akuya ta san kowa a cikinsa, me mutum zai yi ta nema tun safe? Da haƙurinta ya ƙare, wanda dama ba shi da yawa, ta tashi ta tsaya a kansa.

"Malam, in haddace shi za ka yi ka gaya mini in je in dawo baɗi."

Ya ɗago yana gyara abin ƙarin ji da ke kunnensa. "Na'am?"

"Na ce layi ɗaya tak nake nema. Kuma ɗauke yatsanka daga kan tawadar, ba a..."

Sai idonta ya faɗa kan shafin. A daidai inda yatsan yake, cikin rubutun nan na da mai lanƙwasa, an rubuta: Keziah, 'yar Enoch Lund, maƙeri, da matarsa Ann. Shekarar 1847.

"Wannan ai tawa ce," in ji Hilda.

"Taki kamar yaya? Tawa ce. Kakar babana ce."

"Kakar babanka a ina? Wannan matar teku ya cinye ta tun kafin a san za a yi babanka."

"Teku? Matar da ta mutu a kan gadonta da haƙoranta na roba a cikin kofi?"

Da raɗa suka fara, amma mutumin kunnensa da nauyi, raɗarsa kuwa ta isa a ji ta a titi. Kawuna suka ɗago daga kowane tebur. Matar kan tebur ta taso ta ce musu cikin ladabi akwai wurin shan shayi a ƙasa, kuma kundin ba inda zai je.

Sunansa Alban Firth, tsohon direban jirgin ƙasa ne daga Calderby, garin masaƙu can cikin tudu. Cedric ya sayo shayi da wainar inabi, ya zauna tsakaninsu kamar alƙalin dambe. Alban ya zaro takardunsa daga wata tsohuwar jaka ya baje.

Tasa Keziah, in ji shi, ta sauka a Calderby ne da ƙunshin kayanta, bazawara, mijinta masunci ne teku ya ci shi. Ta auri wani ma'aikacin masaƙa, Walter Firth, ta haifa masa ɗa guda, ta buɗe shagon soya kifi da dankali da har yau tsofaffin garin ke ba da labarinsa. Ya tura wa Hilda hoton shafin kundin aure. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Keziah Storr, bazawara, 'yar Enoch Lund, maƙeri. Shekara ashirin da takwas.

"Abin da ya hana ni tashi daga kan kundin can ke nan," in ji Alban. "In tana da ashirin da takwas a 1886, to wadda aka yi wa baftisma a 1847 ta girme ta da shekara goma sha ɗaya. Na ce ko ta farin ta mutu tana jaririya aka mayar wa ƙanwarta sunan, kin san suna yin haka. Na bi shafi-shafi. Babu wata Keziah ta biyu."

Hilda ta jawo hoton shafin kusa da ita. Idonta na kan kalmar Storr.

Cedric ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Mista Firth, shi mijin da teku ya ci, an san sunansa?"

"Josiah. Har addu'a muke yi masa muna yara. In an ci kifi ranar Juma'a sai babana ya ce a tuna da Josiah, wanda ya ba da ransa a kan sana'a."

Shayi ya sarƙe Cedric. Ya yi tari har hawaye, Alban na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Josiah Storr ya haura tamanin kafin ya mutu. Kabarinsa na bayan cocinmu, kusa da famfo. Duk Lahadi sai na wuce shi."

Alban ya buɗe baki ya kasa rufewa. Can sai ya fashe da wata irin dariya da ta girgiza kofuna. "Wato ku a wurinku ita ta nutse, mu a wurinmu shi ya nutse! Kai, jama'a! Ashe tekun nan sharri aka yi masa!"

Cedric na taya shi, har da dukan tebur. Hilda ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tattara jakarta ta ce, "Cedric, tashi mu tafi, kada yamma ta yi mana."

A mota, da suka hango teku daga kan tudu, Hilda ta juyo ta dubi Cedric. Sannan ta ce, "Ada ba ta wuce shekara goma sha biyu ba lokacin."

"Na sani."

"Na karɓi haihuwa a gidajen da ko gawayin ɗumi babu. Na ga matan da miji ke jibga kamar jaka. Na ga waɗanda suka gudu, kuma ban ga laifinsu ba, amma da 'ya'yansu a hannu suke gudu. Wannan ta tsallake nata ta je tana soya wa wasu kifi, har da rage shekaru kamar budurwa. Mu kuma muna nan muna yi mata kuka shekara da shekaru."

Cedric ya san lokacin da ba a yi wa matarsa wasa. Ya miƙa hannu ya dafa gwiwarta, ya ci gaba da tuƙi.

Washegari ta buga wa mai sassaƙar dutse waya ta ce ya bar aikin. Ta zuba takardun a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Sai ta koma kan labule. Cedric ya dawo daga lambu ya tarar kujerarsa ta koma bayan ƙofa, ya tsaya yana kallonta, ya girgiza kai.

Bayan kwana biyu-uku Alban ya kira. Cedric ne ya ba shi lambar gidan a ɓoye ranar da suka haɗu. Alban ya ce yana da goggo, ƙanwar babansa, ana ce mata Queenie. Ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga Keziah da idonsu, kuma da ya ba ta labari ta ce maza a kawo mata 'yan bakin tekun nan ta gan su.

"Ce masa ba na zuwa," in ji Hilda daga kicin.

Cedric ya ce a cikin waya, "Ta ce ranar Asabar ta yi daidai."

Ta yi masa faɗa har suka kwanta, ta tashi da shi da safe, amma ranar Asabar ita ta riga shi shiga mota, da kek ɗin da ta gasa a kan cinyarta. Ta ce ba don kowa ta gasa ba, ba a dai shiga gidan tsohuwa hannu rabbana.

Queenie 'yar tsurut ce, kamar iska ta ɗauke ta, tana zaune a kujera kusa da taga ta sha jan-baki. Hilda na shigowa ta ɗaga sandarta ta nuna ta.

"Tsaya nan. Juya gefe. Kai! Alban, dubi hancin nan. Hancin Kaka ne sak, kamar an ciro an manna. Yarinya, zo zauna kusa da ni. Wannan ne mijin naki? To, ba laifi, an ga waɗanda suka fi shi muni."

"Na gode, Anti," in ji Cedric. "Yau shekara arba'in ke nan ban samu yabo irin wannan ba."

Rabon da a kira Hilda yarinya har ta manta. Ta zauna a ɗarare. Aka zuba shayi, aka yanka kek, Queenie ta ɗanɗana ta ce sukari ya ɗan yi yawa amma za ta ƙara. Hilda ba ta iya kewaye-kewaye ba, don haka ta tambaya kai tsaye.

"Anti, me ya sa ta gudu ta bar 'ya'yanta?"

"Gudu? Wa ya ce miki gudu ta yi? Josiah da kansa ya rako ta tasha, shi ya ɗauko mata ƙunshin kayan."

Queenie ta gyara zama, da gani ta daɗe tana jiran mai tambaya. Ta ce ita tana da shekara tara Keziah ta rasu, sauran labarin kuwa uwarta ce ta ba ta bayan ta yi aure, don ba zancen yara ba ne. Keziah da Josiah tun farko wuta da auduga ne. Ba mugu a cikinsu, amma kowanne bakinsa ya fi reza, kuma ba mai sauke kai. Farantin gidan bai taɓa cika wata uku ba a fasa shi ba. Maƙwabta har sun saba, in suka ji shiru sai su leƙo su ga ko lafiya. Shi Josiah idonsa ya riga ya faɗa kan Martha ta gidan bayansu, ita kuma Keziah ta gaji da warin koto da jiran jirgi a bakin ruwa.

"A zamanin nan kuwa kashe aure sai masu hannu da shuni. Talaka in ya yi aure, to sai dai mutuwa. Sai suka zauna suka ce, to, tunda sai mutuwa, a mutu mana. Ita ta je inda ba a san ta ba ta ce teku ya ci shi, shi ya zauna ya ce teku ya ci ta. Rana ɗaya tak da suka taɓa yin shawara bakinsu ya zo ɗaya."

"Mutanen Skelby fa?" in ji Cedric. "Ai sun san ba ta nutse ba."

"Sun sani mana. Wa zai faɗa? Su da suka samu barci. Ƙananan yaran gari da waɗanda aka haifa daga baya aka yi wa ƙaryar, don kada wani ya je ya saki baki gaban limami ko ɗan sanda, aure kan aure ai ɗauri ne. Yaran suka girma da ita, suka ba nasu 'ya'yan, ƙarya ta yi gemu ta zama tarihi."

Hilda ta ce, "Duk na ji. Amma 'ya'yanta fa?"

Queenie ta dube ta da kyau, ta sassauta murya. "Namijin ya riga ya fara bin ubansa cikin jirgi, ko da igiya ba ya barin teku. Ada kuwa an bar ta ne sai uwar ta samu ɗaki. Shekara ba ta zagayo ba ta aika aka kawo ta. A bayan kantar shagon nan ta girma, ita ke naɗe kifi a takarda. Sai da ta isa aure ta koma Skelby, don wani saurayi da ta ƙyalla ido a kansa can. Ke kina tsammani kifin shagon daga ina yake zuwa?"

Ba ta jira amsa ba.

"Daga wurin marigayin! Duk safiya akwati na sauka a jirgin ƙasa na farko, an rubuta Storr a jikinsa da baƙin fenti. Kakana Walter ne ke zuwa tasha da baro ya ɗauko. Ni ma na ga akwatunan da idona, lokacin ɗan Josiah ne ke aikowa. Kuma duk bazara Kaka sai ta ɗaura baƙaƙen kaya ta ce za ta bakin teku ta yi kukan mijinta. Ta yi mako guda ta dawo kumatu jajur, ta ƙara ƙiba. Wata shekarar har Walter ya raka ta kukan. Uwata ta ce shi da marigayin suka kwana biyu suna shan giya, da ƙyar aka raba su."

Cedric ya riƙe ciki don dariya. Alban, wanda shi ma yau ya fara jin wannan ɓangaren, ya ce, "Haba Anti! Kina kallo muna yi wa mutumin nan addu'a duk Juma'a ba ki ce komai ba?"

"Addu'a ta taɓa yi wa wani yawa? Kuma wa ya tambaye ni?"

Sai Alban ya tuna da wata takarda da ya buga a laburare bai gane kanta ba. Ya lalubo ta ya miƙa wa Hilda. Ƙidayar 1901 ce, gidan Walter Firth. Ga Walter, ga Keziah da shekarunta na ƙarya, ga ɗansu. A ƙasa an rubuta baƙi biyu da suka kwana a gidan daren ƙidaya: Ada, matar aure, haifaffiyar Skelby, da 'yarta Lilian, shekara huɗu.

Hilda ta karanta ta sake karantawa. Lilian kakarta ce, wadda ta goye ta, wadda ta fi kowa iya ba da labarin nutsewar Keziah har da share hawaye. Sai wani abu ya faɗo mata wanda ta yi shekaru ba ta tuna ba.

"Anti Kizzy," ta ce a hankali. "Kakata takan ba mu labarin wata Anti Kizzy mai shagon kifi a cikin tudu. Wai in sun je takan ɗora ta a kan kanta ta cika mata hannu da ƙanzon soyayyen ƙullin fulawar da ake tsoma kifi a ciki. Ta ce ba ta taɓa ganin mace mai dariya irin tata ba. Mun ɗauka ƙawar uwarta ce."

"To ga shi nan," in ji Queenie. "A cinyar kakarta take zaune, ba ta sani ba."

Hilda ta cire tabarau ta goge ido. Sai kuma dariyar da ta riƙe tun ranar Talatar nan ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da kwantar da kai a kafaɗar tsohuwar. Queenie na bubbuga ta tana cewa, "Ato. Dariyar ma tata ce."

Da la'asar suka tura Queenie a keken guragu zuwa makabarta. Kabarin Keziah na gefen na Walter, dutse mai kyau, an rubuta ta rasu tana da shekara saba'in da takwas. Hilda ta yi lissafi da yatsu.

"Tamanin da tara take. Wannan ai sai a gyara."

"Kada ki kuskura," in ji Alban. "Matar nan ta sha wahala kafin ta zubar da shekarun nan, ke ki zo rana tsaka ki kwaso mata su?"

"Ƙarya ce a kan dutse, Alban."

"Ku 'yan bakin teku da kuka kashe ta da ranta, ku ne za ku yi mana wa'azin gaskiya?"

"Ku fa? Mutum na zaune yana aiko muku da kifi kuna yi masa addu'ar matattu!"

Tun daga nan suka zama abokan wasa, ba su ƙara haɗuwa ba tare da an yi wannan musun ba. Hilda ta juya ga tsohuwar ta ce, "Anti, ke ki raba mu. Af, ke ma shekararki nawa yanzu?"

"Saba'in da tara," in ji Queenie, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Alban ya koma bayan keken ya ɗaga wa Hilda yatsu shida yana nuna sama, alamar a ƙara shida a kai.

A hanyar komawa gida ne Queenie ta ce ita fa duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa taka Skelby ba. An kai ta wasu garuruwan bakin teku, amma wannan uwarta ta hana, wai kada a gane hancin Kaka a fuskarta. Hilda ta ce ai kuwa zumunci a ƙafa yake, in an ga rana mai kyau Alban ya kawo ta.

Ya kawo ta a farkon bazara, an naɗe ta da bargo biyu da hula. Ta ce kafin komai a kai ta wurin Josiah. Suka tura ta bayan coci, kusa da famfo, inda yake kwance shi da Martha, wadda a kan dutsen aka rubuta mata matarsa, ba mai kula da gida ba. Queenie ta ƙwanƙwasa dutsen da sandarta.

"Sannu, marigayi. Ashe a tudu ka ƙare. Ni ce jikar Keziah ta wajen Walter. Mun gode da kifi."

Daga nan suka gangara bakin ruwa. Cedric ya sayo kifi da dankali a shagon kan gada, suka zauna a benci suna ci a cikin takarda. Queenie ta ce ƙullin ya yi kauri, man kuma bai yi zafi ba, da Kaka na nan da ta jefi mai suyar da shi. Duk da haka ta cinye nata tas ta sa hannu a na Alban. Wani tsuntsun teku ya kawo sura ya fizge rabin kifin Cedric daga hannunsa, ya tashi yana zaginsa yana kaɗa hula, matan na ta ƙyaƙyatawa.

Ruwa ya fara tasowa yana lasar duwatsu. Alban ya ce iska ta yi sanyi, a koma mota. Queenie ta ce ba inda za ta sai ta taɓa tekun da aka ce ya cinye mata kaka da mijin kaka. Ba yadda suka iya. Alban da Cedric suka cicciɓi keken suka sauko da shi kan yashi suna nishi, Hilda ta durƙusa ta cire mata takalmi da safa ɗaya. Igiyar ruwa ta zo a hankali ta shafi 'yan yatsun ƙafarta.

Tsohuwar ta ƙwalla ƙara ta janye ƙafar.

"Wayyo! Wannan ai ƙanƙara ce! Ba shakka su biyun suka ƙi shiga. Hilda, mayar mini da safata, a kai ni inda ake sayar da shayi."